Kafin ki yaba wa maganin, auna zafin kejin

Ƙanwata, kin ce ɓerayenki wata rana su yi ta danna maɓalli don samun ƙwayar abinci ba ji ba gani, wata rana kuma su yi biris, kina tambaya ko zafin ɗaki na da hannu. Yana da hannu dumu-dumu, ni ma sai da na sha wuya na gane.

Shekarun baya, a wani ɗakin gwaji da nake kula da dabbobi, muka ga rukuni ɗaya sun fi sauran naci a kan maɓalli. Har mun fara murna, wai maganin da muke ba su ne ke aiki. Ashe kejinsu ne ke saitin na'urar sanyaya ɗaki. In na leƙa da safe sai in tarar sun cure a lungu guda, sun jawo shimfiɗa sun rufe jiki, wutsiya a naɗe. Sanyi ke cinye abin da suka ci, yunwa ta ƙaru, ƙwayar abincin ta ƙara daraja a wurinsu. Aikin makonni ya tafi a banza.

Dabba ba ta da tsayayyen farashin lada, halin da jikinta ke ciki ne ke yanke shi. Tun 1961 masu bincike Weiss da Laties suka nuna cewa ɓeran da aka aske aka sa a sanyi zai koyi danna maɓalli don fitila ta watso masa ɗumi na 'yan daƙiƙu, kamar yadda mayunwaci ke yi don abinci. A 1971 Michel Cabanac ya nuna haka a jikin mutum: ruwan ɗumin da ke da daɗi in jikinka ya yi sanyi, shi ne ke gundurar ka in jikin ya yi zafi. Wanda ya fi ba ni mamaki aikin Evelyn Satinoff ne. A gwajinta an lalata wa ɓera sashen gaban haifotalamas, wani yanki na ƙwaƙwalwa da ke daidaita zafin jiki, ɓeran ya kasa riƙe zafinsa a sanyi, amma bai daina danna maɓallin ɗumi ba.

Ƙananan ɓeraye sai wajen digiri 30 na Celsius suke hutawa da ƙona abinci don ɗumama jiki, mu kuwa muna ajiye su a 20 zuwa 24 saboda mu ne ke sanye da rigar aiki. In zafi ya yi yawa kuma, ɓera ba ya gumi kamar mu, yawu yake shafa wa jikinsa, jini ya kwararo wutsiya, ci ya ragu.

Ki sa ma'aunin zafi cikin akwatin gwajin kansa, na bango yaudara ce. Ki riƙa sauya wa kejin matsayi a kan kanta. In kuma maganin naki dangin amfetamin ne, wato maganin da ke ƙara kuzari, ki yi hattara, ɗaki mai zafi da cunkoso a keji na ƙara masa guba har ya kashe dabba.