Guzurin Hajiya: a ina za ta ɓoye shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata za ta sauke farali bana, kuma ba ta yi boko ba. Guzurinta dala 500 ne, ga warwaro da 'yan kunnen gwal da ta dage sai ta tafi da su. Yaya za mu yi kada a cuce ta? Daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya kai Hajiya lafiya, ya dawo mana da ita lafiya.

Tun kafin a zo maganar ɓoyo, zaunar da ita ki koya mata kuɗin nan. Takardun dala girmansu ɗaya, launinsu ma kusan ɗaya, ba kamar naira da ake rarrabewa daga nesa ba. Shekarar da na je, wata tsohuwa 'yar ɗakinmu ta miƙa wa wani mai taimako 'yan ɗari-ɗari biyar ya duba mata, ya maido mata da takarda biyar cif. Sai a wurin canji a Madina aka ce mata dala biyar ce ta kawo. Har yau ina jin salatin da ta saka. Ki nuna wa Hajiya sifili biyun, da shuɗin zaren da ya ratsa sabuwar 'yar ɗari, ta riƙa shafawa har ta saba.

Dala ɗaya riyal 3.75 ce, ke nan 'yar ɗari ta kama 375, ban da ɗan abin da mai canji zai zare. Ta riƙa canzawa ɗaya bayan ɗaya, a cikin shago, tare da wadda ta sani tun daga gida. Jin Hausa a bakin mutum a Makka ba shaida ba ce, masu jin ta da yawa suke.

A sa tela ya ɗinka mata aljihu mai zif a cikin ɗan tofi, ta raba kuɗin biyu: rabi a jikinta, rabi a akwati mai kwaɗo, makulli a wuya. In za ta ɗawafi, riyal 30 ta ishe ta, don a turmutsutsun nan ko an taɓa ka ba ka ji.

Gwal kuwa, ki lallashe ta ta bar shi a gida. Wa zai kalli warwaro a Mina? In ta ƙi jin taki, ki haɗa ta da yayanta ko babbar ƙawarta.