Amsa ga 'yar'uwar da ake ɗora wa laifin tsumburewar ɗanta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce surukarki ta ga bidiyo cewa yunwa da ɓacin ran mai ciki suna taɓa halittar jariri, yanzu ta ce ke kika jawo wa ɗanki tsumburewa. Na daɗe ina aikin awon ciki, bari in faɗa miki abin da na sani.

Maganar tana da tushe, ilimin ana ce masa efijenetik. Ƙwayoyin gadon da yaro ya ɗauko daga iyayensa ba sa canzawa, sai dai akwai sinadaran da ke manne musu, su kunna wannan su rufe wancan, kuma cimar uwa tana da hannu a ciki. Babbar hujjar daga ƙasar Holan take. Daga ƙarshen 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka tare hanyar abinci, har rabon mutum ya koma ƙasa da kalori 1,000 a rana (kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne). 'Ya'yan da aka ɗauki cikinsu a lokacin, da suka manyanta, sun fi sauran fama da ƙiba, ciwon suga da ciwon zuciya. A wani bincike da aka wallafa a 2008, an auna jininsu bayan kimanin shekara 60, aka tarar alamar sinadarin da ke manne a kan wata ƙwayar gado mai suna IGF2, wadda ke da hannu a girman jariri, ta bambanta da ta 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya.

To wa kika taɓa ji ya zargi matan Holan? Wanda ya hana abincin ake zargi.

Mu ma nan haka ne. Mace ta zo awo, in ja fatar idonta in ga fari fat, in ce me kika ci, ta ce ɗumamen tuwon jiya. Naman miya yana kwanon maigida, kuɗin cefane yana aljihunsa, ko maganin ƙarin jini sai ta yi ta naci. In hisabi za a yi, daga can za a fara.

Tsorona kar gobe a fara ƙin auren yarinya wai don uwarta ta sha wahala da cikinta. Wucewar alamun nan zuwa jikoki a ɓeraye aka fi ganinsa, a mutane har yanzu masana na jayayya a kai.

Ki kai yaron asibiti a auna damtsensa, a duba ko tamowa ce. Ki ƙara masa wake, ƙwai da kunun gyaɗa, kuma ki ce maigida ya raka ku don ya ji bayanin da kunnensa.