Na sa sunan mai hoton a ƙasa, me ya sa ake cewa na keta haƙƙinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen shari'a, a zangon nan muka fara darasin haƙƙin mallakar fasaha da dokokin yaɗa labarai, kuma gaskiya ya ruɗa ni fiye da yadda na zata. Ina cikin masu kula da shafin labarai na ƙungiyarmu ta ɗalibai. Manyanmu a shafin sun koya mana cewa in ka ɗauko hoto a intanet ka rubuta sunan mai shi a ƙasa, ka ƙara da "ba mu da niyyar keta haƙƙin kowa", to ka tsira. Bidiyo da waƙa kuwa, in ba su wuce daƙiƙa 30 ba babu komai. Makon jiya wani mai ɗaukar hoto ya aiko mana saƙo cewa mu sauke hotonsa kuma mu biya shi, alhali sunansa na nan a ƙasan hoton, ni na rubuta da hannuna. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Shin na jawo wa kaina shari'a ke nan? Wa zan bi, malaman aji ko manyanmu da suka daɗe suna aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Saƙon a sauke hoto ba sammaci ba ne, kuma sau da yawa irin wannan magana ana kashe ta da wasiƙa biyu ko uku ba tare da an taka ƙofar kotu ba. Sai dai ba zan rufe ki ba, bisa yadda kika bayyana, mai hoton ne da gaskiya. Abin da manyanku suka koya muku babu shi a kowace doka da na sani, ji-ta-ji-ta ce da ake gadonta daga waɗanda suka gabata zuwa masu tasowa, kowa ya karɓa ya miƙa wa na bayansa ba tare da ya buɗe littafi ba.

Tunda kin shiga darasin, kin san Yarjejeniyar Berne ta 1886, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kare haƙƙin mallakar ayyukan adabi da fasaha. Ki koma ki sake karanta ta, ki lura haƙƙi iri biyu ta ba wanda ya ƙirƙiri aiki, kuma kowanne da sashensa. Sashe na 9 ya ce shi kaɗai ke da ikon ba da izinin a kwafi aikinsa, ta kowace hanya. Sashe na 6bis kuma, wanda aka ƙara a taron Roma na 1928, ya ba shi haƙƙin a danganta masa aikinsa da haƙƙin kada a lalata shi ta yadda zai zubar masa da mutunci, har sashen ya faɗa ƙarara cewa wannan haƙƙin yana tsaye da ƙafarsa, bai rataya ga na dukiya ba. To ke da kika rubuta sunansa, bashi na biyu kika biya. Na farko yana nan a wuyanki ko ƙwandala ba ki rage ba. Misalinsa mutum ne ya ɗauki babur ɗin wani ba da saninsa ba, ya liƙa takarda a jikin tanki mai cewa "wannan babur na wane ne", ya hau ya yi ta yawo. Takardar gaskiya ta faɗa, amma wa ya ba shi makulli?

Wannan jumla ta "ba mu da niyya" kuwa, ita ce ta fi ɓata mini rai, domin kullum sai na ci karo da ita a ƙarƙashin bidiyoyi, wasu ma har su haɗa da lambar wani sashe na dokar Amurka da ba su taɓa karantawa ba, kamar laya. A ƙarar diyya kan keta haƙƙin mallaka, alƙali ba ya tambayar abin da ke zuciyarki kafin ya ce an keta. Tambayarsa ita ce: aikin na da kariya? Kin kwafa? Da izini ko da wata togaciya ta doka? Niyya sai a wajen auna diyya take shigowa. A dokar Amurka, alal misali, diyyar da doka ta ƙayyade tana tsakanin dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki ɗaya. In aka tabbatar da ganganci ne sai ta haura har dala 150,000, in kuma mutum ya gamsar da kotu cewa bai sani ba kuma ba shi da dalilin sani, ana iya sauko da ita zuwa dala 200. Yanzu ki yi tunani: wanda ya rubuta sunan mai hoto, ya kuma rubuta cewa hoton ba nasa ba ne, ta yaya zai tsaya gaban alƙali ya ce bai san na wani ba ne? Da hannunsa ya rubuta wa lauyan ɗaya ɓangaren shaida.

Na san inda kuskuren ya samo asali, kuma ɗalibai sun fi kowa faɗawa cikinsa. Tun shigarki jami'a ake nanata miki cewa in kin ɗauko maganar wani ki ambaci majiya, in ba haka ba kin yi satar fasaha. Wannan ƙa'idar makaranta ce, kuma a can ambaton majiya yana wanke mutum. Ita doka da wani ma'auni take awo. Za ki iya kwafe rubutun marubucin da ya rasu shekara 200 da suka wuce ki ce naki ne: makaranta za ta kore ki, amma babu mai kai ki ƙarar haƙƙin mallaka, don wa'adin kariyar ya daɗe da ƙarewa. Za ki kuma iya buga littafin wani mai rai sukutum, da sunansa ɓaro-ɓaro a bango, ba ki yi ƙaryar mallaka ba amma kin keta doka. Tushe na biyu shi ne lasisin Creative Commons da aka fara fitarwa a 2002. A can mai aikin ne da kansa ya riga ya ba duniya izini, bisa sharaɗin a ambace shi. Mutane suka ga ana sa suna ana wucewa, suka ɗauka sunan ne ke buɗe ƙofar, alhali izinin da aka bayar tun farko ne ya buɗe ta. Ko a can ɗin ma akwai lasisin da ya hana kasuwanci da aikin, akwai wanda ya hana a sauya masa kama, sai an duba wanne aka liƙa.

Ga shari'ar da ya kamata ki riƙe da kyau. Ranar 12 ga Janairun 2010 girgizar ƙasa ta afka wa Haiti. Wani mai ɗaukar hoto, Daniel Morel, ya ɗauki hotunan ɓarnar ya ɗora ta Twitter. Kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya kwashe su ya rarraba, kamfanin sayar da hotuna na Getty Images ma ya rarraba wa abokan cinikinsa. Da farko sunan wani aka sa, daga baya aka gyara aka sa na Morel. AFP ya kafa hujja da cewa sharuɗɗan Twitter sun halatta wa kowa ɗaukar abin da aka ɗora, kotu a New York ta yi watsi da hujjar. A Nuwamban 2013 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ganganci ne, suka ci kamfanonin dala 150,000 a kan kowane hoto, hotuna 8, jimilla dala miliyan 1.2. Waɗannan kamfanoni ne masu rumbun lauyoyi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai maganar daƙiƙa 30. Wani zai ce miki 10, wani 15, wani ya ce kashi goma cikin ɗari na littafi. Duk wanda ya faɗa miki, ki ce ya nuna miki sashen. Kotu nauyin abin da aka ɗauka take dubawa tare da yawansa. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin kamfanin ɗab'i na Harper & Row da mujallar The Nation, wadda ta ɗebi kalmomi kimanin 300 kacal daga littafin tarihin rayuwar tsohon shugaban Amurka Gerald Ford tun kafin ya fito kasuwa. Littafin ya kai kalmomi dubu 200. Mujallar ta sha kaye, domin abin da ta ɗauka shi ne zuciyar littafin, wato bayanin afuwar da Ford ya yi wa Richard Nixon, shugaban da ya gada, wanda dominsa mutane za su saya. A Turai kuma, a shari'ar Infopaq ta 2009, kotun Tarayyar Turai ta ce kalmomi 11 ma za su iya zama kwafi in suna ɗauke da basirar marubucin. Abin da ya raya tatsuniyar daƙiƙa 30 shi ne na'urar tantancewa ta YouTube, Content ID, wadda wani lokaci guntun sauti kan kuɓuce mata. Mutum ya ɗora, ba a kama shi ba, sai ya fito yana ba da fatawa. Shirun na'ura ba ya ɗaure mai haƙƙi, ranar da ya gani da idonsa yana iya aiko da takarda, kuma gargaɗi uku da ba su goge ba sun isa a rufe tasha.

Za ki ce to ina togaciyar da doka ta yi wa 'yan jarida da masu ilimi? Tana nan, kuma a nan ne ambaton suna yake da gurbi na gaske. Sashe na 10 na Berne ya halatta tsakuro magana daga aikin da aka riga aka wallafa, in ya dace da adalci kuma bai wuce buƙata ba, sannan ya wajabta a ambaci majiya da sunan mai aikin. Kin ga ambaton sharaɗi ɗaya ne cikin sharuɗɗa, kamar alwala ce da ba ta ɗauke wa mutum salla. Kowace ƙasa kuma da yadda ta yanka togaciyarta. Amurka tana auna abubuwa huɗu a sashe na 107 na dokarta ta 1976: manufar amfanin, nau'in aikin, yawa da nauyin abin da aka ɗauka, da illar da aka yi wa kasuwarsa. Birtaniya ta jero manufofi ƙayyadaddu, kuma ga abin da ya shafe ki kai tsaye: sashe na 30 na dokarta ta 1988 ya halatta amfani da aikin wani don ba da rahoton abin da ke faruwa, amma ya cire hoto daga ciki da sunansa. Dalilin a fili yake. Mai ɗaukar hoton labarai ba shi da wata kasuwa sai gidajen labarai, in kowace jarida za ta ɗauka kyauta da sunan rahoto, da me zai ci abinci? Don haka ki buɗe dokar ƙasarki ki karanta sashen togaciya kalma bayan kalma, kada ki ari ta Amurka don kawai ita ce ta cika intanet.

Kada kuma wani ya ce miki hoton ba shi da alamar © ko ba a yi masa rajista ba. Sashe na 5 na Berne ya hana a ɗora kariyar kan cika wata takarda. Mafi ƙarancin wa'adin da yarjejeniyar ta gindaya wa yawancin ayyuka shi ne rayuwar mai aiki da shekara 50 bayansa, ƙasashe da dama sun kai shi 70, hoto kuma wasu dokoki sun ware masa wa'adinsa daban.

Abin yi yanzu. Ki sanar da shugabannin ƙungiya yau, domin shafin nasu ne, bai kamata ki ɗauki kayan ke kaɗai ba. Kafin ku sauke hoton ku ɗauki hoton shafin yadda yake, ku rubuta ranar da aka ɗora, ranar da aka sauke, da adadin waɗanda suka buɗe in kuna iya gani, da kuma ko akwai talla a shafin, don da waɗannan ake ciniki. Sannan ku sauke. Ku amsa masa cikin ladabi, a taƙaice: mun samu saƙonka, mun sauke hoton ranar kaza, muna roƙon ka nuna mana shaidar cewa haƙƙin naka ne. Wannan ba rashin kunya ba ne. Wani lokaci wanda ya danna kyamara ma'aikaci ne, haƙƙin yana hannun kamfaninsa, akwai kuma 'yan damfara da ke aika irin wannan saƙo kan hotunan da ba nasu ba. Kada ku rubuta masa doguwar wasiƙar neman gafara mai cike da "mun san mun yi laifi", kada kuma ku yi masa gatse a bainar jama'a. In ya tabbata nasa ne, ku tambayi nawa yake sayar da lasisin irin wannan amfani, ku nuna masa ku ɗalibai ne, ku daidaita. Duk abin da aka amince a rubuta: wane hoto, wane shafi, daga yaushe zuwa yaushe, da kuma cewa biyan ya rufe duk wata da'awa a kan abin da ya wuce. Ba tare da wannan layi na ƙarshe ba, tsugune ba ta ƙare ba. In takardar lauya ko ta kotu ta iso, to a nemi lauya a ƙasarku, kada a amsa da ka.

In kuma ta hanyar dandalin da kuke ɗora abubuwanku aka sauke muku abu a ƙarƙashin DMCA, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, za ki ga maɓallin ƙalubalantar saukewar. Kada ki danna don haushi. Cike wannan fom rantsuwa ce, kuma a ciki kina amincewa da hurumin kotun tarayyar Amurka. Daga nan mai ƙorafin yana da kwanakin aiki 10 zuwa 14 ya shigar da ƙara kafin a mayar da abin.

Tunda darasin naku ya haɗa da dokokin yaɗa labarai, ki sani wannan kuskuren yana da ɗan'uwa a babin ɓata suna, wato kalmar "wai". Ana zaton in aka rubuta "wai wane ya ci kuɗin jama'a" ko "majiya ta ce", an fita. A tsarin shari'ar Ingila da ƙasashen da suka gaje shi, wanda ya maimaita ƙazafi ana ɗaukarsa tamkar wanda ya wallafa shi, kuma in zai kare kansa da gaskiya, sai ya tabbatar da cewa an ci kuɗin, tabbatar da cewa wani ya faɗa bai wadatar ba.

Batun wa za ki bi kuwa, ki ɗauki dokar ƙasarki ki je wa manyan naku da ita, ki roƙe su cikin girmamawa su nuna miki inda aka rubuta daƙiƙa 30. Bayan an gama nema, ku zauna ku bi tsofaffin hotunan shafin ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ba ku da izininsa a rubuce ko lasisi bayyananne ku sauke shi, domin wanda ya aiko muku saƙo makon jiya shi ne dai wanda ya fara gani.