Kawo masu sana'a da marubuta aji: amsa ga Malama

Wa alaikumus salam Malama. Kin tambaya ko gayyato marina, dukawa da marubuta su shiga aji yana da amfani, ko cinye lokacin darasi ne kawai. Na daɗe ina koyarwa a ƙaramar sakandare a Kano, kuma a ganina amfaninsa babba ne, muddin ba a mai da shi bikin rana ɗaya ba. Abin ma ba baƙo ba ne, makarantar da Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'ar hannu.

Inda ake samun matsala shi ne a kira mutum ranar ba da kyaututtuka, ya baje kayansa, a tafa, ya tafi. Yara sun yi kallo, ba su koyi komai ba. Kafin baƙo ya zo, malamin darasi ya zauna da shi, su duba manhaja, su ga inda sana'arsa ta shiga.

Misali, da muka kai 'yan aji biyu karofin Ƙofar Mata, malamin kimiyya ya riga ya gana da marinin. Yara suka ga yadda ake haɗa baba da toka da kanwa, suka ga ƙyalle ya fito daga ruwa kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi. A nan malamin ya shigo da bayanin iskar oksijin, wanda a allo sai dai hadda. Wallahi har yaran bayan aji, masu shiru, sai da suka yi ta tambaya. Haka marubucin waƙa: da ya rera baiti yana buga tebur, gaɓa mai nauyi da marar nauyi da amsa-amo suka zauna musu daram.

Kada malami ya ga baƙo ya zo ya fice shan iska. Gwanin sana'a bai san riƙon yara sittin ba, wannan aikinmu ne.

Sai maganar kuɗi, wadda ke ci min rai. Baduku ya rufe rumfarsa yini guda, a sallame shi da lemo da godiya? Ku sa haƙƙinsa da kuɗin kayan aiki a kasafin zango tun farko. Ku fara dubawa cikin iyayen yara, za ki tarar da maƙeri ko mai ɗinkin hula, kuma su ne ke yarda su dawo mako-mako har yara su kammala abin da suka fara.