Amsa ga mai objcopy ɗin da ke mutuwa wajen fitar da hex

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa da ya turo hoton sikirin ɗinsa, wanda ya ce komai ya haɗu lafiya, sai an zo juya elf (fayil ɗin da haɗa kod ke samarwa) zuwa hex (wanda ake loda wa allon lantarki), objcopy, manhajar da ke wannan juyin, ya tsaya cak, wani lokacin ma ya rufe ba sallama. Na ga ana ta ce masa ya goge manhajar ya sake saukewa. Don Allah ku bar masa datarsa. Ku duba ƙasan hoton mana, hanyar fayil ɗin kaɗai ta cinye layi uku.

Windows tana da iyakar tsawon hanyar fayil da ake kira MAX_PATH, haruffa 260, kuma ƙirgen daga harafin diraif, wato C na farko, yake farawa har ƙarshen suna, har da sifilin da ke rufe shi. Kai kana kallon main.o kana cewa ai gajere ne. To folda nawa yake ciki? Ga CMake kuma, manhajar da ke tsara haɗa kod, yana ƙara nasa, CMakeFiles, sunan aikin da .dir a wutsiya, sannan ya maimaita foldojin asali a ƙarƙashi. Shi kansa yana gargaɗi idan hanya ta haura 250, ba a dai karantawa ne.

Af, bari in raba maganar, don iri biyu ce. In ya ce No such file alhali ga fayil ɗin kana gani da idonka, Windows ce ta hana shi buɗewa. In kuwa mutuwa ya yi kawai, galibi wani tsohon kod ne na yaren C da aka ware wa suna wuri ƙayyadadde, aka zuba da strcpy, umarnin kwafar rubutu, ba a auna ba, ya malala kan abin da ke maƙwabtaka. Tulu ne aka ɗura masa ruwan randa.

Amma ni abin da ke ci min rai sunayen foldojinku ne. Final year project, a ciki new folder, a ciki corrected final, a ciki supervisor copy latest latest, duk a kan Desktop, Desktop ɗin kuma cikin OneDrive. Akwai wani ƙanena, sai da ya yi wa kwamfutarsa fomat saboda wannan, wai ƙwayar cuta ce. Ya dawo da foldar yadda take daga filashi, matsala ta dawo. Sannan ya ce allon ne jabu, zai mayar wa mai shago. Allon da ko jona shi ba a yi ba! Har yau in na tuna... to, a bar wannan.

Ka kwashe aikin ka kai diraif C, folda mai harafi biyu, ka goge foldar build, ka sake haɗawa. In ba ka son motsa shi, umarnin subst zai ba foldar harafin diraif nata. Wani zai ce a kunna LongPathsEnabled, saitin Windows mai barin doguwar hanya. Eh, tun Windows 10 ta 1607 akwai shi, a 2016, amma sai manhajar da kanta ta shelanta tana ɗaukar doguwar hanya, tsofaffin kayan nan kuwa ba ruwansu.

Masu Linux kada ku yi dariya, ku ma kuna da iyaka: suna ɗaya bayit 255 ne, hanya 4096, kuma ƙ da ɗ kowanne bayit biyu yake ci. Ka gwada, in ya ƙi ka turo layin umarnin gaba ɗaya, ba rabin hoto ba.