Amsar Masta kan man giyar motar Alhaji

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji muryarka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi. Ka ce wannan tsohuwar Ford ɗin da ka ɗauko daga Tema, mai ɗaki da kicin da makewayi a ciki, kana so ka zubar da man giyarta ka koma na sintetik kafin tafiyar Tamale, amma wasu sun ce giyar za ta mutu. To ni na gane, ba zancen wane mai ya fi kake ba. Tsoro kake kar ka taɓa ta ta kwanta maka a Kintampo da iyali a ciki.

Sintetik ba ya kashe giya, wallahi ba ya kashewa. Giyar da ta mutu bayan an canza mai, dama can ta gama, tsohon man ne yake rufa mata asiri. Kulocin ciki ya cinye, garinsa yana yawo a cikin man, shi ne yake ɗan ba ta kamu. Ka zubar ka sa mai tsabta, sai ta fara sulɓi, sai a ce fita, wato makanike, ya ɓata mota. An yi mini wannan. Wani bawan Allah, ba zan kama suna ba, ya kawo mota man ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, na ce masa maigida giyar nan tana hanya, ya ce kai dai canza. Na canza. Ba a jima ba ta daina shiga ribas, ya zo da 'yan'uwansa har shago, a gaban yarana, wai na zuba masa ruwa. Ruwa! Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a sai ya kau da kai. Ni da na gaya masa gaskiya tun kafin in ɗauki sifana? Kuma kuɗin man ma bai cika ba, to bar wannan.

Don haka kafin ka sayi ko lita ɗaya, ka ɗuma motar, ka tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, giya a P, ka zaro sandar awon man giya ka goga a farin ƙyalle. In ja ne ko ya ɗan yi ruwan ƙasa, ba wari, bismillah. In baƙi ne yana ƙauri, kar ka taɓa, kawo ta mu gani. In kuma ya yi kamar an dama shi da madara, to ruwan radiyeta ne ya shiga, wannan wata magana ce daban.

Irin taka E-350 ce ta wajen 1995, giyarta E4OD. Man da aka rubuta mata Mercon ne, Ford sun daina shi a 2007 suka ce a sa Mercon V. To ka duba bayan galan, sintetik ɗin da za ka saya ya zama an rubuta Mercon V. Ban da Mercon LV, wancan ya yi ruwa-ruwa, na sababbin motoci ne. Kuma kar mai shago ya ce maka ai duk ja ne. Na CVT ma, wata irin giya daban, za su miƙo maka in ba ka kula ba. Ka tabbata murfin a liƙe yake, don ana ɗura wani abu a tsohon galan.

Giyar tana cin kusan lita 15 zuwa 16, amma in ka kwance farantin ƙasa ko rabi ba zai fito ba, sauran yana cikin konbata, abin da ke haɗa inji da giya. A'a tsaya, irin taka ta wancan lokacin yawanci konbatar tana da ɗan noti na zubarwa, a juya inji a hankali har ya leƙo ta ƙasa. In babu, ba komai, ka zubar ka cika, ka yi 'yan makonni kana hawa, ka sake. Tsohon da sabon suna haɗuwa lafiya. Injin wankin giyan nan da ake ta talla kuwa, ni ba na kai tsohuwar mota wurinsa.

In an sauke farantin, ka tsaya da kanka ka kalli mayen ƙarfen da ke ciki. Laka mai laushi launin toka, wannan ba komai. In ka murza a yatsa ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar ka, to a tsaya. Filta sabuwa, a tabbata tsohuwar robar wuyanta ta fito, kuma kar yaro ya lafta gam a gasket, yana gutsirewa ya toshe hanyar mai.

Abin da ya fi damuna ma zafi ne. Motar nan gida take ɗauke da shi, ga tankin ruwa, ga kaya, ga ranar arewa in ka wuce Techiman, ga cunkoson shataletalen Suame tun ba ka fita gari ba. A nan sintetik yake da amfani, yana jure zafi fiye da na da. Amma ka ƙara mata kula ta mai, wato abin sanyaya man giya, a gaban radiyeta, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Sil ɗin, wato robar hana yoyo, da ya riga ya bushe kuwa zai yi yoyo ko wane mai ka sa, a canza shi kawai.

Turo mini hoton ƙyallen nan a nan gurup ɗin. In ka shigo da ita Asabar da safe ina shago, amma kar ka saya man tukuna.