Amsa: yaushe aka fara Nintendo Direct?

Malam ka tambayi yaushe Nintendo, kamfanin wasannin bidiyo, suka fara wannan Direct din da ake kallo a YouTube, wato shirin bidiyon da suke sanar da sabbin wasanninsu. A watan Oktoba 2011 ne, shugabansu na lokacin Satoru Iwata shi ke fitowa da kansa, ya mika hannaye biyu wajen kyamara alamar kai tsaye yake magana da kai ba sai ta bakin 'yan jarida ba, wallahi abin nan na burge ni har yau. A 2013 ma sun ki yin babban taron manema labarai a E3, bikin baje kolin wasannin bidiyo na Amurka, bidiyon Direct suka saka. Iwata ya rasu a Yuli 2015, daga baya manyan ma'aikatan Nintendo su Koizumi da Takahashi suka ci gaba da gabatar da shi. Sony sai 2019 suka fara nasu, State of Play.